Tunkiya Ɗaya a Mamobi

Duk wanda ya san Nima da Mamobi ya san wurare ne da mutum da dabba suke bin lungu ɗaya. Ba yau aka fara ba. Dattawan unguwa suna ba da labari cewa a 1931 wani Bafillace mai fataucin shanu, Malam Amadu Futa, ya sami fili daga hannun iyalin Odoi Kwao, mutanen Ga, domin ya riƙa sauke garkensa a bayan birnin Akra. Wato shanu sun riga yawancinmu zuwa Nima. Daga baya mutane suka yi ta kwararowa daga Arewacin Gana, da Nijeriya, da Nijar, da Mali, da Burkina Faso, har makiyaya ta koma gidaje, gidaje suka matse juna, ciyawa ta ƙare. Amma dabbobin ba su tashi ba. Har yau in ka sauka daga tirotiro a bakin kasuwar Nima, kafin ka kai babbar kwatar da ta raba mu da Mamobi, za ka yi karo da tumaki da awaki fiye da yadda za ka tsaya ƙirgawa.

Kowace dabba a cikinsu tana da ranarta. Ragon maƙwabcinmu Musulmi yana jiran layya ko suna, akuyarmu mu Kirista tana jiran Kirsimeti ko Ista, wadda ta tsira daga waɗannan kuwa kuɗin makaranta ne ko kuɗin asibiti da ke tafiya da ƙafa huɗu. Ba na ganin aibu a wannan, gama ni ma da naman nan na girma. Abin da ya sa na kawo shi, domin mai karatu ya gane irin wurin da labarina ya faru. Da Hausa mukan ce dabbar gida, amma kalmar ta haɗa da kazar miya da ragon layya. Dabbar da ake ajiyewa don ƙauna kawai, wadda ba a nufinta da wuƙa, a wurinmu al'adar Turawa ce da masu gidajen bene na Kantonmen, masu kai karnukansu asibiti cikin mota.

To, a gidana an yi irin wannan dabbar, kuma tunkiya ce.

An haife ta da hunturun 2014 a gidan maƙwabcinmu, wani Alhaji mahauci. Uwar ta haifi biyu ta mutu washegari. Ɗayan ya bi uwarsa, ɗayar kuwa tana kwance a kan buhu, ko tsayuwa ba ta iyawa. Autata a lokacin shekararta 6. Ta tsuguna a gaban buhun ta ƙi tashi, har Alhaji ya yi dariya ya ce, "Ɗauki abarki, 'yata. In ta rayu taki ce." Na tabbata bai yi zaton za ta kai mako ba. Uwar yarinyar ta nemo bulumboti, aka riƙa dama madarar gari ana ba ta dare da rana, aka shimfiɗa mata tsumma kusa da murhu. Fara ce fat, shi ya sa yarinyar ta sa mata suna Balbela.

Ba irin dogayen tumakin Sahel ba ce, waɗanda ake saukewa daga manyan motoci a kasuwar Tulaku kusa da Ashaiman in Sallah ta gabato, su Balami da Uda masu dogon kunne. Gajera ce, irin ta kurmi, wadda masana ke kira Jalonke, mai jure cizon tsando da ruwan saman Kudu. A kasuwa ba za ta yi wani kuɗin kirki ba. Amma tunkiyar da aka shayar da hannu ba ta san ita tunkiya ba ce. Balbela ba ta bin garke. Yarinyar take bi, zuwa famfo, zuwa wurin mai koko da ƙosai, har ƙofar makaranta, inda sai an kore ta da ƙyar. Da yamma tana jin muryar 'yan makaranta tun daga bakin titi, sai ta miƙe ta je ƙofa. Daren 3 ga Yuni 2015, da ruwa ya ci Akra, gidan mai ya kama da wuta a shataletalen Kwame Nkrumah, mutum sama da 150 suka rasu, mu ma ruwa ya shigo mana ɗaki har gwiwa. Muna ta ɗaga kaya, na waiwaya na ga yarinyar a kan tebur, ta rungume tunkiyar, ta bar jakar littattafanta tana yawo a ruwa.

Balbela ta haihu sau da yawa, muka sayar da 'ya'yan, kuɗinsu ya shiga makarantar yara. Yarinyar ba ta taɓa hanawa ba, gama 'yar Mamobi ce, ta san yadda ake rayuwa. Sharaɗinta ɗaya ne, kada a taɓa uwar.

Yanzu sai in yi maganar leda, domin in ban yi ba, sauran labarin ba zai fito ba. Sa'ad da muke yara, mai wake da shinkafa a ganye take zuba maka, ruwan sanyi kuma da kofi ake sha daga bokiti. Ganyen in ka yar, akuya ta cinye, ta ƙaru. Daga ƙarshen shekarun 1990 ruwan leda ya mamaye ƙasar, baƙar leda kuma ta zama kwanon kowa: koko a leda, tuwo a leda, miya a leda, har manja a leda. Kowace leda da aka yar tana ɗauke da ɗanɗanon gishiri da mai. Dabbar da ba ta da makiyaya, wadda abincinta ɓawon rogo ne da dusa da ɗan daurin ciyawar da aka saya, in ta ji ƙanshin gishiri sai ta lasa, daga lasa sai haɗiya. Ruwanda ta hana irin wannan leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Mu kuwa kwatocinmu suna nan cike, kuma duk mahaucin da ke Nima zai faɗa maka abin da yake tararwa in ya farke tumbi.

A cikin damina ta 2021 Balbela ta fara canjawa. Takan zo wurin dusa da ɗoki, ta ci loma biyu, ta juya. Ta rage tuƙa. Gashinta ya yi buzu-buzu, ƙashin bayanta ya fito, amma cikin yana nan tirtsitsi kamar mai juna biyu. Masu ba da magani a unguwarmu ba su da iyaka. Wannan ya ce kanwa, wancan ya ce manja, wata tsohuwa ta ce tsutsar ciki ce, wani kuma ya ce baki ne ya kama ta saboda yawan yabon da ake yi mata. Aka ba ta kanwa da manja. Shiru. Da na ce zan nemi likitan dabbobi, wani abokina a coci ya dube ni ya ce, "Malam, likita don tunkiya? Kuɗin da za ka kashe ai ya sayi wata." Gaskiya ya faɗa ta fuskar lissafi.

Ya kamata a san cewa likitan dabbobi ba shi da yawa a ƙasar nan. Gwamnati tana da asibitin dabbobi a Labadi, tana da tsohuwar cibiya da kwaleji a Pong-Tamale can Arewa, inda ake horar da ma'aikatan lafiyar dabbobi. Amma sai a 2009 jami'o'in Legon da Kumasi suka buɗe makarantun horar da cikakkun likitocin dabbobi. Kafin nan duk mai son wannan karatu sai ya bar ƙasa. Saboda haka mutumin zango yakan girma har ya tsufa bai taɓa ganin likitan dabbobi ido da ido ba, sai dai mai allura da ke yawo da jaka.

Wanda aka kwatanta mini yana da ɗan asibitinsa a wata unguwa, tafiyar mota ɗaya daga gidanmu. Muka yi shatar tasi, direban yana ta mita saboda kujerarsa. A ɗakin jira akwai mutum uku da karnukansu masu sarƙa, duk suka zuba mana ido, ni da yarinya 'yar shekara 13 da ramammiyar tunkiya. Na ji kunya, ba zan ɓoye ba. Likitan ya fito, dattijo ne mai furfura, mutumin Kudu. Da ya ji muna Hausa sai ya juya harshe, ashe ya yi shekaru yana aiki a Arewa. Bai tambaye ni komai ba tukuna. Ya durƙusa daidai tsayin tunkiyar, ya dubi yarinyar ya ce, "'Yata, yaya sunanta?"

Na daɗe ina tunanin wannan tambaya. A cikin dukan waɗanda suka ba mu shawara makonni uku, ba wanda ya yi ta. Kowa ya ga tunkiya mara lafiya. Shi kuwa da kallo ɗaya ya gane marasa lafiya biyu aka kawo masa, ya kuma san wadda ta fi jin jiki.

Ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya faɗi shekarunta kusan daidai ba tare da an gaya masa ba. Ya ja fatar ido ya ga ta yi fari. Sa'an nan ya sa dunƙulen hannu a kwiɓinta na hagu ya danna, ya kama hannun yarinyar ya ɗora a wurin, ya ce ta danna ita ma. Ya bayyana mana cewa cikin tunkiya ɗaki 4 ne, babbansu shi ne tumbi, yana gefen hagu. Tumbi mai lafiya laushi gare shi kamar ƙullu, yana motsi a kai a kai, yana juya ciyawa, yana mayar da ita baki a sake tauna. Leda kuwa ba ta narkewa, ba ta kuma wucewa. Motsin tumbin nan shi ke murɗa ta, wata ta sarƙe da wata, shekara da shekaru, har su zama dunƙule mai tauri. Dabba sai ta ji cikinta a cike alhali yunwa tana kashe ta. Abin da hannun yarinyar ya taɓa ke nan, tauri kamar dutse.

Yarinyar ta yi shiru, can ta ce, "Likita, ni ce nake ba ta ragowar kokona a leda." Muryarta tana rawa. Ya girgiza kai ya ce abin da ke cikin nan ba na rana ɗaya ba ne, ba kuma na hannu ɗaya ba, na dukan titin ne. Ya ce ya sha farke dabbobin da masu su ba su taɓa miƙa musu leda ba, gama iska ma tana kawo ta har cikin turke. "Tunkiyar Mamobi da ta kai shekara 7," in ji shi, "wani ne ya kula da ita ƙwarai." Ban san maganin da ya kai wannan magana amfani a ranar ba.

Ni kuma ya ja ni gefe ya faɗa mini gaskiya ba kwana-kwana. Ba allura ko ƙwayar da za ta fitar da leda, sai tiyata. Dabba mai ƙarfi takan warke, amma Balbela ta rame, jininta ya yi ƙasa, ta kuma tsufa, zai yiwu a yi aikin lafiya jikin ya kasa ɗauka. Ya faɗi kuɗin, ya ce in biya rabi, sauran a ƙarshen wata. Ya ƙara da cewa in na ga ba zan iya ba, in na zaɓi a yanka ta yanzu tun ba a sa mata magani ba, ba zai ga laifina ba, gama ya san abin da tunkiya take a gidan talaka. Wannan ma na yaba masa. Akwai irin tausayin da ke sa mai kuɗi ya raina talaka don ya sayar da dabbarsa. Nasa ba irin wannan ba ne.

Muka zaɓi tiyata. Aka ƙara mata ruwa kwana ɗaya, washegari ya aske kwiɓin hagu, ya kashe zafin wurin da allura, ya yi aikin. Da ya gama ya kira mu ya nuna mana abin da ya ciro cikin bokiti: baƙar leda da farar ledar ruwa a murɗe kamar igiyar rijiya, da guntun buhu, da zaren gashin kanti irin na kitso. Ya ɗora a sikeli, ya haura kilo 4. Na tsaya ina kallon abin. Ba baƙo ko ɗaya a ciki, duk kayan da muke gani kullum ne a ƙofar gidajenmu.

Kwana biyu na farko muka sa rai. Ta ɗaga kai, ta sha ruwa, har ta ɗan tsinki ganyen da yarinyar ta miƙa mata. A rana ta uku ta kwanta ta kasa tashi, numfashi ya yi sama-sama, tana cizon haƙora, wanda likitan ya riga ya gaya mana alamar zafi ce. Na buga masa waya da la'asar. Ya ce kada mu wahalar da ita da mota, zai zo in ya tashi aiki. Da magariba sai ga shi a kan babur, yana tambayar yara gidanmu lungu lungu.

Kafin ya iso, Alhaji mahauci ya riga ya shigo da wuƙarsa a naɗe cikin tsumma. Kada mai karatu ya ɗauke shi mugu. Shi ya ba da tunkiyar tun farko, shi ya riƙa aiko mata da dusa kyauta. A ganinsa barin dabba ta mutu mushe asara ce biyu, ga wahalar dabba ga hasarar nama, wuƙa mai kaifi kuwa jinƙai ce. Ya ce mini, "Malam, a addininmu ko wasa wuƙa ba a yi a gaban dabba, balle a bar ta tana shan azaba. Ka bari in hutar da ita, in ba ka abin da ya samu." Yarinyar ta shiga tsakaninsa da tunkiyar ba ta ce uffan ba. Ni kuma ina tsaye, ga maƙwabcin shekara ashirin, ga 'yata.

Likitan ne ya raba gardamar, bai kuwa kunyata kowa ba. Ya gaisa da Alhaji da girmamawa, ya duba tunkiyar, ya ce lallai Alhaji ya yi gaskiya, lokacin hutar da ita ya yi. Amma ya ce naman ba zai ciwu ba, domin magungunan da aka yi mata cikin kwanakin nan suna nan a jikinta, doka da lafiya duka sun hana a sayar wa mutane irin wannan nama sai an jira kwanakin da aka ƙayyade, ita kuwa ba za ta kai ba. Alhaji mutum ne mai tsoron haram a sana'arsa. Ya mayar da wuƙarsa cikin aljihu, ya ce, "Likita, ka fi ni sani." Bai tafi ba, ya ja kujera ya zauna.

Sai likitan ya juya wurin yarinyar ya gaya mata abin da zai yi, ɗaya bayan ɗaya, kamar yana magana da babba. Allura ce a jijiyar wuya, za ta yi barci mai nauyi, cikin barcin zuciya ta tsaya, ba za ta ji komai ba. Ya tambaye ta ko tana so ta tsaya ko ta shiga ɗaki, ya ce duk wanda ta zaɓa daidai ne. Ta ce za ta tsaya. Ta tambaye ni ko ana yi wa tunkiya addu'a. Na ce ana yi wa Wanda ya halicce ta godiya, muka yi, gajeriya. Ta ɗora kan Balbela a cinyarta. Likitan bai yi gaggawa ba ko da yake dare ya yi, gidansa kuma da nisa. Ya jira har ta ɗaga kai ta ce to. Abin bai ɗauki minti biyu ba. Ya sa abin sauraron ƙirji ya saurara ya daɗe, sa'an nan ya ce mata, "Ta huta."

Sauran matsala ita ce gawar. A Mamobi ba ƙasar tona rami, tsakar gida duk siminti ne, abin da aka saba kuwa shi ne a jefa mushe a kwata da dare. Likitan ya ce sam, maganin da ya yi mata yana iya kashe kare ko ungulun da ya ci naman. Ya ce zai aiko a ɗauka da safe a binne yadda ya kamata. Alhaji ya ce ba sai an aiko ba, yaronsa zai kai da amalanke. Haka aka yi. Da na kawo maganar kuɗin zuwansa gida, likitan ya ce in bar shi a cikon ƙarshen wata. Da ƙarshen watan ya zo na duba takardar, ban ga ya sa shi ba.

Akwai waɗanda suka yi mana dariya, har a cikin 'yan'uwa masu bi, wai ana makokin tunkiya alhali mutane suna mutuwa. Na fahimce su. Unguwar da ta binne yara saboda zazzaɓi da kwalara ba ta da hawayen ɓarnatarwa. Amma ban yarda cewa tausayi kamar garin kwano ne ba, wanda in ka ɗiba wa dabba sai na mutum ya ragu. Sa'ad da annabi Natan ya so ya farkar da zuciyar sarki Dawuda, a littafin Sama'ila na biyu sura 12, labarin da ya zaɓa na wani matalauci ne mai 'yar tunkiya ɗaya tak da ta girma tare da 'ya'yansa. Dawuda makiyayi ne, ya yanka tumaki ba adadi, duk da haka bai yi dariya ba, ransa ne ya ɓaci. Ashe makiyayi ma ya san bambancin garke da tunkiya ɗaya.

Bayan mako guda likitan ya bugo waya. Na zaci maganar kuɗi ce, sai ya ce in ba shi yarinyar. Ban ji abin da ya faɗa mata ba, na dai ji tana tambayarsa darussan da ake bukata kafin a shiga makarantar likitan dabbobi, tana rubutawa a bayan littafinta. Yanzu tana ajin kimiyya. Ko za ta kai can, Allah ne masani, gama kuɗin jami'a ba wasa ba ne.

Alhaji kuwa tun daga ranar ya daina sakin ragunansa. Ya kafa musu turke a bayan shagonsa, ya rataya musu dutsen gishiri su riƙa lasa, kamar yadda likitan ya ba shi shawara a daren nan. Ana saura kwana kaɗan Kirsimeti ya shigo gidanmu da wata 'yar tunkiya a kafaɗa, fara mai baƙin kunne, ya ajiye a gaban yarinyar. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta shafa kan 'yar tunkiyar, ta ce, "Baba Alhaji, na gode, amma a bar ta wurin uwarta tukuna." Ya ce to, ya saɓa abarsa ya koma.